Yadda na cire wa zoɓo ja: hotuna tara na baƙi da fari a zauren Inna

Wannan bayanin aiki ɗaya ne da na yi bara a nan Katsina, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, hotuna tara na shukar yakuwa wato zoɓo, tun yana ƙulli har ya bushe ya fara zubar da gurguzu, dukansu a baƙi da fari. Abokan sana'a da suka gani sun yi ta tambayata wace kyamara ce, wane filta ne, kaman akwai wani waje guda da na danna kala ta fita hoto ya yi kyau, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta abin yadda ya faru, harda wuraren da na ɓata lokaci da wuraren da har yau raina bai kwanta da su ba.

Ni mai hoton biki ne, kamu da ɗaurin aure da dina da suna, ina da ɗan shago ta wajen Ƙofar Ƙaura, kuma Alhamdulillahi ita ke riƙe da ni da iyalina. Amma duk wanda ke wannan harkar ya san maganar da muke ji kullum, a ƙara haske, a fito da kalar leshi, gwaggwaron bai yi ja sosai ba. Shekara da shekaru kana haka sai idonka ya saba da neman kala kawai, in kalar ta fito toh hoto ya yi. Wata rana da dare ina duba intanet na ci karo da aikin J.D. 'Okhai Ojeikere, mutumin nan ɗan Najeriya da ya fara ɗaukar kitson mata tun 1968 ya tara kusan hoto dubu kafin rasuwarsa a 2014, duk baƙi da fari, bango fili ba ado, yawanci ma ta ƙeya yake ɗauka, amma wallahi sai ka ga kitso ya tsaya kaman gini. Daga nan na faɗa kan wani Bajamushe Karl Blossfeldt da ya rasu a 1932, shi kuma tsirrai yake ɗauka da kyamarar da ya haɗa da hannunsa, yana ƙara girmansu har wajen sau 30 don ɗalibansa su koyi siffa. Na kwana ina tunanin wane tsiro ne namu na gida zan yi wa irin wannan zaman.

Amsar tana gidan Inna, yayar mahaifiyata, a Rafindaɗi. Duk damina sai ta watsa yakuwa a bayan ɗakinta kusa da wajen wanke-wanke, tushe bai fi goma sha biyu ba, ganyen ta yi miya da fate, jan ta shanya ta ajiye na azumi, gurguzun kuma in ya yi yawa ta ba masu daddawar batso. Da na je na gaishe ta na faɗa mata abin da ke raina, ta dube ni tace "Kai ɗan nan, zoɓon da ake saye don jan shi, shi za ka cire ma ja? To mi ya rage?" Nace Inna shi nake so in gani. Kuma gaskiya tambayar nan tata ita ce aikin gaba ɗaya, don duk duniya jan nan aka san zoɓo da shi, mutanen Senegal da ke ce masa bisab, na Sudan da Masar da ke ce masa karkade, har Meziko da ake loda namu na Jigawa da Kano da Katsina a kai musu suna jiƙawa su sha da ƙanƙara, kowa jan yake bi. Ni kaina da na girma ina shansa, da za a ce in zana furensa a takarda a lokacin ba zan iya ba.

Sai da na yi mako guda ina zuwa ina kallo kawai kafin in ɗauko kyamara. Yakuwa dangin kuɓewa ce da rama da auduga, in ka san furen kuɓewa ka kusa sanin nata, kunnuwa biyar masu laushi ruwan madara da ɗan rawaya-rawaya, can tsakiya kuma ido ja mai duhu, da wani ɗan sanda da ya fito daga cikin idon ɗauke da garin fure. Ba ta fara fure sai yini ya fara gajarta, shi yasa sai ƙarshen damina ake gani. Abin da ya fi damun mai hoto shi ne furen na yini ɗaya ne, ya buɗe da safe, kafin azahar ya fara laushi yana komawa ruwan hoda, zuwa yamma ya naɗe kansa, washegari ko jibi ya faɗi. Jan da muke sha ƙoƙon da ke riƙe da furen ne, bayan furen ya faɗi sai ya rufe kwanson iri ya yi ta kauri har wajen mako biyu zuwa uku ya isa tsinka. Yana da kunnuwa biyar masu nama, a gindinsa kuma akwai wasu 'yan yatsu ƙanana da suka kewaye shi, na ƙirga a wasu takwas a wasu har goma sha ɗaya.

Kayan aiki ba wani abin a zo a gani: tsohuwar Nikon D3300 da nake ajiyewa ta ko-ta-kwana, gilashin gaban kyamara wato lens mai lamba 50, da wani zobe da ake sawa tsakanin gilashin da jikin kyamara don ta iya matsowa kusa da ƙaramin abu, sai sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, farin kwali ɗaya, baƙin karammiski yadi ɗaya da na siyo a babbar kasuwa. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, don kalar ta zauna a ajiye in juya ta yadda nake so daga baya, amma allon kyamarar na sa shi yana nuna min baƙi da fari don idona ya daina ruɗuwa da ja.

Rana ta farko asara na yi. Na je bayan asuba na yanko reshe mai fure biyu, na naɗe a leda na hau mashin zuwa shago don can fitilu na suke, tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba, amma ina buɗe ledar na tarar kunnuwan sun karye sun yi layi-layi kaman takardar da aka cukuikuye, garin furen ya zube ya ɓata idon. Na dai kunna filasha na ɗauka a haka, ga wanda ya lalace ga kuma hasken filasha da ya daki fuskar furen ya shafe duk wata jijiya, ya fito fari fat kaman an yanko shi da almakashi an manna. Washegari na gwada tuge ƙaramin tushe ɗaya da ƙasarsa na sa a bokitin fenti, kafin la'asar ya langaɓe, kuma na ga abin bai yi wa Inna daɗi ba ko da ba ta ce komai ba, tushe ɗaya cikin sha biyu ba kaɗan ba ne a wajenta. Daga ranar na bar zancen kai furen shago, na roƙe ta aron zaure.

Zauren gidan na ƙasa ne, tsohon gini, ƙofarsa ta waje na kallon gabas, bangon ciki yaɓe ne da ya sha shekaru ya yi duhu. A watan Oktoba rana na fitowa wajen shida da minti ashirin, amma gidajen da ke tsallaken lungu suna tare ta sai wajen bakwai da rabi take leƙowa, toh tsakanin nan akwai wani haske mai laushi da ke shigowa ta ƙofar daga gefe guda, shi ne ya zama fitilata har aka gama. In rana ta leƙo sai in rataya farin mayafin Inna a bakin ƙofa ya tace ta, in ƙara samun kaman minti arba'in. Reshen nake yankowa da ƙullin da ya kusa buɗewa in tsoma a kwalbar ruwa nan take, daga bayan ɗaki zuwa zaure taku ashirin ne. Na ɗora kwalbar kan turmi da na kifa, kaman kamu uku daga ƙofa. Bango na gwada uku. Karammiskin ya haɗiye komai, jan ƙoƙon ya narke a cikinsa ba ka ganin inda ya tsaya. Farin kwali kuma ya cinye furen. Wanda ya yi shi ne bangon zauren kansa, da na matsar da turmin ya zama akwai tazara mai kyau tsakaninsu, saboda haske yana raguwa da sauri in yana nisa da inda ya shigo, in ka ninka nisan abin da zai rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, sai bangon ya koma toka mai duhu, ba baƙi ƙirin ba, fari ya fito a kansa baƙi ma ya fito a kansa.

Zaure kuma hanya ce, ba situdiyo ba. Ina ɗauka a ISO 100, wato ma'aunin yadda idon kyamara ke jin haske, ƙofar haske a matse a f/11, wanda ke nufin shata, labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, tana daɗewa a buɗe daga kwatan daƙiƙa har daƙiƙa ɗaya, ko numfashi ka yi kusa da furen sai ya nuna. Ƙofa biyu na kallon juna iska na ratsawa, sai da na saki tabarma a ƙofar ciki, na kuma sa kyamara ta riƙa jira daƙiƙa 2 bayan na danna don girgizar hannuna ta lafa. Ga masu shiga da fita, mai koko, yaran makarantar allo, matan gida da ke tsayawa daga ciki suna jiran in ce bismillah ku wuce. Almajirin Inna, yaro ɗan shekara sha biyu haka, shi ya zama mai riƙe min kwali ta ɓangaren inuwa don ya mayar da ɗan haske, kuma cikin kwana uku ya gane aikin har yana cewa "Yaya in matso ko in ja baya?" yana leƙen allon kyamara. Na biya shi ladansa kullum, ya cancanta.

Yanzu ga asalin matsalar, wadda ta ci min kusan mako biyu. Da na sauke hotunan farko a kwamfuta na mayar da su baƙi da fari kai tsaye, reshen da a ido yake ja jawur cikin koren ganye sai ya zama dunƙulen toka ɗaya, ƙoƙo da ganye da kara duk sun haɗe. Dalili shi ne ido na raba ja da kore ne da kala, amma in aka cire kalar abin da ya rage shi ne wanne ya fi wanne haske, kuma jan zoɓo mai duhu da koren ganyensa mai duhu kusan nauyinsu ɗaya. Lissafin da galibi ake bi wajen juyawar ma kore ake ba kaso mafi tsoka, kusan kashi 59 cikin 100, ja kashi 30, shuɗi kashi 11, don haka ja mai duhu ƙara nutsewa yake. Masu hoton da, zamanin fim, sun san maganin wannan, gilashi mai kala suke ɗaurawa a gaban kyamara, ƙa'idar kuma ita ce filta yana haskaka kalar da ta yi kama da shi ya duhunta kishiyarta, jan filta mai lamba 25 zai sa ja ya yi fari-fari kore ya yi baƙi, sai dai yana cin haske har sai ka ninka lokacin ɗauka kusan sau takwas. Mu yanzu a manhaja muke yi, Lightroom na da wajen ja da sauke kowace kala daban, ko Snapseed na waya ma yana da filtocin ja da lemo da rawaya da kore a sashen baƙi da fari. Na ja jan sama sosai, nan take ƙoƙon ya taso ya rabu da ganye ya yi wani sheƙi kaman azurfa, na ji daɗi ƙwarai a daren nan.

Da safe da na sake dubawa da sabon ido sai na ga abu biyu. Na farko ƙoƙon ya zama kaman roba, duk 'yan ƙurajen jikinsa da jijiyoyinsa sun shafe, inuwar kuma ta cika da tsaki-tsaki, wanda ba mamaki tunda a cikin ɗigon da ke idon kyamara rabi kore suke gani, kwata ne kawai ke ganin ja, in ka jingina hoton duka a kan kwatan nan dole ya nuna gajiya. Na biyun shi ya fi min ciwo. Saitin da ya ceto ƙoƙon shi ne ya kashe furen, domin idon nan na tsakiya shi ma ja ne, da na ɗaga ja sai ya yi haske ya ɓace cikin farin kunnuwan, furen ya zama kaman fuska ba ido. In na sauke ja idon ya dawo baƙi mai kyau, ƙoƙon da ke bayansa kuma ya koma cikin duhu. Abu ɗaya a hoto ɗaya, gaba na son a sauke baya na son a ɗaga. Wani abokina yace ai sai in yi wa kowane hoto saitinsa, ko in shafa gyaran da burushi waje-waje, kuma ana yin haka ba laifi ba ne, na ma gwada, amma da na jera su sai na ga zoɓon hoto na biyu baƙi na hoto na biyar fari kaman ba shuka ɗaya ba, alhali ni labarin tushe ɗaya nake son bayarwa daga farko zuwa ƙarshe. A ganina in jeri ne toh tokar da ka ba ja a hoton farko ita za ka riƙe har na ƙarshe, in ba haka ba mai kallo ba zai yarda da kai ba ko da bai san dalili ba.

Abin da ya warware shi a zaure aka same shi, ba a kwamfuta ba, kuma almajirin nan na Inna ne sila. Wata safiya yana gyara turmin sai ya juya shi ya tura shi ciki kaɗan, ni kuma ina tsaye ta can ƙuryar ina fuskantar ƙofa a karkace, sai na ga hasken yana zuwa ta bayan reshen daga gefe, kowane kunnen ƙoƙo ya sami wani siririn farin layi a bakinsa, saboda fatar zoɓo ɗanye tana da santsi tana mayar da haske kaman an shafa mata mai, ganyen kuma ba ya yin haka sosai. Nace masa kar ka taɓa, tsaya a nan. Na zagayo da kyamara wajen. Ƙoƙon ya zauna da duhunsa yadda Allah ya yi shi amma layin hasken ya zana shi ya raba shi da ganye da bango, 'yan yatsun gindin kowanne ya fito da inuwarsa, furen kuma da haske ya ratsa ta bayansa sai jijiyoyin kunnuwan suka bayyana. Daga nan saiti ɗaya na yi wa duka taran, ja na ɗaga shi kaɗan kawai kwatankwacin filtan lemo mara ƙarfi, kore na sauke kaɗan, rawaya na bar shi don kar furen ya ƙone. Na sa alli na zana inda ƙafafun sandar kyamara suke da inda turmin yake a ƙasa, na roƙi matan gida kar a share wajen.

Hoto na uku, furen a buɗe, shi na fi daɗewa a kai kuma shi na fi so. Da zoben nan a jikin gilashi, abin da ke fitowa tar bai wuce kaurin ƙwayar gero biyu uku ba ko a f/11, in na matse zuwa f/22 zurfin ya ƙaru amma hoton duka ya yi laushi, don haka dole in zaɓa, ko bakin kunnuwa ko kan sandan tsakiya. Na gwada dabarar ɗaukar hoto da yawa kowanne da inda aka saita a haɗe su a kwamfuta, bai yiwu ba, furen yana motsi a hankali duk lokacin, tsakanin ɗauka ta farko da ta takwas ya ƙara buɗewa gefunan ba sa hawa kan juna. Na zaɓi kan sandan. A hoton kana ganin garin furen ƙwaya-ƙwaya kaman an barbaɗa tsakin gero, kowace da ɗan haskenta, bayansu idon ya yi baƙi mai zurfi, daga cikin baƙin jijiyoyi suna fitowa suna bazuwa cikin farin kaman haƙarƙarin lema, kunnuwan biyar kowanne ya hau kan na kusa da shi ta gefe guda duk suna bin hannu ɗaya, abin da ban taɓa lura da shi ba sai a wannan hoton. A kunnen ƙasa akwai ƙwayar gari uku da suka faɗo, na yi niyyar gogewa a kwamfuta na fasa.

Shigowar hunturu a Nuwamba ta canza abubuwa. Hazo ya tausasa hasken har ban ƙara buƙatar mayafi ba, amma layin nan na baki ya rage kaifi, sai na matso da turmin kusa da ƙofa da kamu ɗaya don hotuna uku na ƙarshe su yi daidai da 'yan uwansu. Ƙura kuma a hasken gefe kowace ƙwaya fari take fitowa, da gashin kaza nake kaɗewa kafin kowace ɗauka. Busasshen zoɓo ba ya sheƙi, amma ya fi ɗanye sauƙi nesa ba kusa ba, duk ya yamutse ya yi kwari da tudu haske na samun wajen kamawa. Na ƙarshen kwanso ne da ya tsage gida biyar gurguzu na leƙowa, wanda ƙaiƙayinsa ya hana ni sakat yini guda don da hannu na riƙa juya shi.

Wajen wankin hotunan ma an sha fama. Na kai wani shago aka buga min gwaji a takarda mai girman inci 8 da 10, suka fito da wani kore-kore a cikin tokar, inuwar kuma ta toshe bangon ya koma baƙi ƙirin, duk wahalar da na sha a kansa ta tafi. Koren daga injin ne, injin kala in zai yi toka haɗa kaloli yake in saitinsa ya ɗan karkace sai ya nuna, amma toshewar inuwar daga wajena take, allon kwamfutata ya cika haske yana nuna min abin da takarda ba za ta iya ba. Na rage hasken allon, na ɗaga inuwar kaɗan, na haɗa yanki-yanki na hotunan a takarda ɗaya aka buga min sau uku muna gyarawa ni da yaron da ke kan injin, wanda ya yi haƙuri da ni sosai, sannan na zaɓi takarda mara ƙyalli don mai ƙyallin tana mayar da hasken ɗaki ta ɓoye duhun. Har yanzu in ka kai su bakin taga akwai ɗan alamar kore a na bakwai, ni ina gani ko da wasu sun ce ba sa gani.

Cikin hoto sama da ɗari huɗu tara na fitar, na kai wa Inna kafin kowa, na jera mata a tabarma a tsakar gida bayan la'asar. Ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba har ta kai ƙarshe ta dawo, sai ta sa hannu ta ɗauki na biyar da na shida ta musanya musu waje. Su biyun rana ɗaya na ɗauke su daga rassa daban, na sa babban a baya don a zatona shi ya fi kwana. Tace "A'a, wannan babban yaro ne, duba bakin shi a tsuke, jikin shi a miƙe, reshen shi ne ya fi samun ruwa. Wannan ƙaramin kau ya buɗe baki har ana hango kwanso, ga gindin ya fara tattarewa, ya isa tsinka tun shekaranjiya." Na duba, duk abin da ta faɗa yana nan a takardar, tattarewar gindin layi uku ne sirara da hasken gefen ya fito da su, na koma na buɗe mai kalar a waya don in gwada, a can jan ya rufe su sai ka ƙura ido sosai. Ta daɗe riƙe da na ukun, tace shekara arba'in tana shuka abin nan ba ta taɓa tsayawa ta kalli cikin huren ba, da safe tana wajen murhu kafin ta waiwayo ya rufe. Shi ta zaɓa, na sa mata a firem yana rataye a ɗakinta.

Akwai hoto ɗaya da babu a jerin kuma rashinsa na damuna, lokacin da naɗaɗɗen furen ke rabuwa da ƙoƙon zai faɗi, tsakanin na huɗu da na biyar. Sau uku ina kafa kyamara ina jira, sau biyu ya faɗi da dare, na ukun kuma aka kira ni ɗaurin aure na dawo na tarar da shi a kan turmi. Inna ta ware min gurguzun tushen nan da na ɗauka a gwangwanin madara ta rufe da tsumma, tace in ruwa ya zauna za ta shuka min layi ɗaya ta jikin katanga kusa da zaure, alamar allin da na yi a ƙasa kuma ta goge tuni amma na auna tazarar da igiya na ƙulla ta na rataye a shago.